Zuciyar Azurfar Siora Elvira

Ranar da aka sace zuciyar, ruwa ya hau tun da asuba. Jiniya ta yi kukanta, teku ya shigo Venezia, birnin Italiyar nan da ke kan ruwa, kamar surukar da ba a gayyata ba, ya leƙa kowane zaure, ya janye kafin hantsi, ya bar laka sirara shimfiɗe a ƙasa. Ba wanda ya damu, watan Nuwamba ne. Sai da tsakar rana Berto mai shagon gahawa ya fito zubar da ruwan wanke-wanke, ya ɗaga ido zai gaida hoton Maryamu kamar yadda ya saba, bokiti ya kuɓuce masa.

Lungun Jan Dutse wata farfajiya ce a unguwar Castello, ana shigarta ta wani zaure mai duhu da ya ratsa ƙarƙashin gida. A bangon zauren hoton yake, bayan ragar ƙarfe da kwaɗo, kewaye da zukatan azurfa da mutane suka rataya na bakance. A tsakiyar daɓen kuma akwai jan dutse guda, inda kakanni suka ce annoba ta zo shiga ta faɗi ta mutu. Ɗan lungun ba ya taka shi ko da a buge yake. Kwaɗo yana nan a kulle, manyan zukata suna nan suna ƙyalli. Ƙusa ɗaya ce kawai ta rage tsirara a can gefe.

Kafin a ce kwabo duk mutanen lungun sun taru, wato tsofaffi bakwai da kyanwa, don sauran gidajen duk an mai da su masaukin 'yan yawon buɗe ido. Daga tagar bene na uku Siora Gemma ta leƙo. Tsohuwa ce da ƙafafunta suka yi ritaya suka bar harshenta yana aikin mutum uku.

"Wacce aka ɗauke?"

"Ƙaramar nan baƙa, ta Siora Elvira," in ji Berto.

"An fasa kwaɗon?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To me kuke tsaye kuna kallo kamar tantabaru? Makulli ɗaya ne, yana wuyan wadda ke share wurin. Doina! Fito ki ji abin da ake cewa!"

Doina 'yar ƙasar Moldova ce, ita ke jinyar Gemma, ta yi mata wanka, ta dafa, ta sha zagi. Ta leƙo ta bayan uwar ɗakinta da tsumma a hannu, fuska ba jini.

"Da safen nan na gan ki kin fita da ƙunshi," in ji Gemma, yadda har kifin mashigin ruwa zai ji. "Gobe da yamma ɗana Renzo zai zo daga Padova. Ko zuciya ta koma ƙusarta, ko ke ki yi wa 'yan sanda bayani."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Izinin zaman Doina a ƙasar da aikin nan yake ɗaure. In aiki ya tafi da sunan sata, ita ma ta tafi.

Duk wannan hayaniya, Tullio Busetto lakar zauren kawai yake kallo. Dogon tsoho ne siriri, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana farautar agwagi a fadamun teku, har ya zama in an sace wa masunci taru ko kwalekwale shi ake kira, ya duƙa kan taɓo ya faɗi wanda ya bi ta nan. Bai taɓa aure ba. Shi a tunaninsa dalilin sirri ne, alhali har kyanwar lungun ta sani. Siora Elvira ta rataya zuciyar nan ne ranar da 'yarta Ondina ta bi miji zuwa Ostireliya, bayan babbar ambaliya, da bakancen kada a sauke ta sai yarinyar ta dawo. Elvira ta mutu tana jira. Daga baya aka ce Ondina ma ta mutu a can. Amma shekara hamsin da ɗoriya, Tullio bai taɓa ratsa zauren nan ba tare da ya taɓa hularsa ba, kuma ba Maryamu yake kallo ba.

"Berto," ya ce, "kawo kujeru ka tare bakin zauren nan gaba da baya. Kowa ya zagaya ta bakin ruwa. Wanda ya sa tsintsiya a lakar nan, ni da shi."

*

Tullio ya sami Doina a kicin tana yanka albasa, abin da ya dace da mai son ɓoye hawaye.

"Sior Tullio, kai ma ka zo ka caje ni?"

"Na zo shan ruwa. Bene uku ba wasa ba ne. Me ke cikin ƙunshin?"

"Safa, maganin gwiwa, gahawa. Motar garinmu ce ke ɗaukar saƙo daga tasha, ta tafi tun ɗazu. Ta yaya zan nuna muku cikin abin da ya riga ya kama hanya?"

"Yaushe kika ga zuciyar?"

"Da na dawo, ruwa yana janyewa. Tana nan. Ni me zan yi da ita? In sata zan yi, ga manya har goma, sai in ɗauki wadda ta yi baƙi kamar gindin tukunya?"

"Kin taka jan dutsen?"

Ta dube shi kamar ya zare. "Kullum ina taka shi. A garinmu yunwa muke tsoro, ba dutse ba."

Daga ɗaki Gemma ta ɗaga murya. "Kada ta yi maka daɗin baki, Tullio! Kai da mace ta taɓa yi wa murmushi sau ɗaya ka lalace har yau!"

Ya leƙa ɗakin. "Siora Gemma, makullin nan na biyu fa, na bayan tubali?"

Tun zamanin iyayensu akwai makulli a ɓoye bayan wani tubali mai girgiɗi a bangon zauren, don matan da ke son kunna kyandir. "Wa ya san da shi in ba mu ba?" ta ce. "Kana nufin ɗayanmu ne? Ni da ko bayi sai an ɗauke ni? Je ka tambayi Berto, wanda zai sayar da haƙoran uwarsa in Ba'amurke ya taya."

*

Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. An sha ganin Berto yana ja baƙi bayan kanta yana nuna musu wani abu a ɓoye. Tullio ya tsaya ya sha gahawarsa, ya ce a ba shi cokali, da Berto ya juya sai ya miƙa dogon hannunsa ya ja aljihun teburin ƙasa.

Zukata ne fal, baƙaƙe, sun fi ashirin.

"Maryamu mai tsarki! Rufe, rufe!" Berto ya yi tsalle ya kare da tumbinsa. "Tsoho, kana so ka kashe ni?"

"Wace coci ka kwashe?"

"Gwangwani ne! Ɗauki ka lanƙwasa ka gani. Buhu nake saye, in jiƙa su a dusar gahawa su kwana, su fito kamar na zamanin annoba. Baƙo yana son tsohon abu, ni kuma ina son baƙo ya tafi da farin ciki. Laifi ne?"

Tullio ya lanƙwasa ɗaya da yatsa biyu, ta naɗe kamar ganye. "Wanda ke da gonar zukata ba zai saci ɗaya ba," ya ce. "Wa ya ratsa zauren bayan Doina?"

"Ayarin baƙin da Nives ke zagayawa da su. Sun kai talatin, da takalman ledar nan masu launi da ake sayar musu in ruwa ya hau, suna ta ƙwaras-ƙwaras kamar agwagi. Wasu sun sha gahawa. Ba dai za ka gaya wa Gemma zancen gwangwanin ba?"

"Ƙaro gahawa, in yi tunani."

*

Sawu ba a karanta shi da rana tsaka. Tullio ya jira sai da rana ta sunkuya ta leƙo zauren a kaikaice, laka ta fara bushewa, kowane ɗan rami ya sami inuwarsa. Sannan ya durƙusa, gwiwoyi suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ga takalmin robar Berto, fankacece. Ga na Doina, ya shiga ya fita, ya bi ta kan jan dutse ba ko kunya. Ga na ayari, sawun leda iri ɗaya, sun cakuɗe, sun tattake dutsen har ba a ganin jansa. Ya daɗe yana bi da ido kafin ya ga wanda ya zo a ƙarshe, ya hau kan na saura.

Ƙaramar ƙafa ce cikin takalmin leda, ta baƙo sak. Ta shigo tsakiya, saura taki ɗaya ta hau dutsen, sai ta goce hagu, ta bi jikin bango, ba tsayawa, ba laluben hanya. Ƙafar ba ta yi shawara ba, ita da kanta ta san wurin. Daga nan ta je gindin tubalin nan ta yi ɗage. Ta dawo gaban hoton, ga tambarin gwiwa ɗaya a laka. Da za ta fita, ta sake kauce wa dutsen.

Tullio ya zauna daɓas a ƙasa. 'Yan lungu takalmin roba suke sawa, ba mai yarda a gan shi da ledar baƙi. Baƙi kuma ba su san dutse ba, balle tubali. Wannan ɗan gida ne cikin kayan baƙo. To amma wanne? Mutanen da suka tashi daga lungun nan sun fi waɗanda ke kwance a maƙabarta yawa.

*

Washegari da safe ya tare Nives, ja-gorar ayarin, a gindin gada, da jar lemarta a sama.

"Sior Tullio! Ka zo in nuna maka garinku?"

"Jiya kin ba su labarin jan dutse?"

"Na ba su mana, amma sai da na bari kowa ya taka tukuna. Ka ga yadda suke ihu suna goge ƙafa? Da shi nake samun na goro."

"Wa ya rage a baya?"

"Kullum akwai mai ragewa a baya, ko hoto ko fitsari. Tsofaffi ne rabinsu, 'yan Amurka, Kanada, Ostireliya."

Da jin Ostireliya ya tuna Ondina, ya tsawata wa kansa. Matattu ba sa yawon buɗe ido. "Zan bi ku yau," ya ce.

"Cire hular nan ka riƙa buɗe baki kana kallon sama, kada a gane ka."

Suka shiga wani tsohon gidan sarauta a bakin Babban Mashigi, hanyar ruwan da ta raba gari biyu, gida mai matakalar marmara da rufin da aka zana wa mala'iku tsirara. Kowa ya ɗaga kai, Tullio ya sunkuyar da nasa. Yau ba leda, sai ya auna ƙafafu da ido. Masu ƙaramar ƙafa uku ne, duk tsofaffin mata: wata mai jan gashin kanti, wata mai sanda, da wata mai faffaɗar hula da baƙin tabarau. Mai sanda ya cire ta, ba ramin sanda a lakar jiya.

A coci, mai jan gashi ta tsoma yatsa a ruwan tsarki, ta durƙusa da gwiwa ɗaya, tsaf. Ya matsa kusa ya ce mata da harshen gari, "Siora, sanyi ya sauka." Ta riƙe jakarta da hannu biyu ta kira Nives, wai wani tsoho yana binta. Ashe 'yar Kanada ce, ko sunan gadar da ta hau ba ta iya faɗa ba. Nives ta sha dariya har lema na rawa.

A babban dandali suka zauna wani gidan gahawa mai makaɗa da madubai, inda kofi ɗaya ke cin abincin mutum na yini. Tullio ya tsaya jikin ginshiƙi yana kallo. Mai faffaɗar hula ta zauna can gefe, ba ta ɗauki hoto ba, ba ta kalli hasumiya ba. Wata mata take kallo da ke jan keken cefane, ta bi ta da ido har ta ɓace a lungu. Wannan ba hujja ba ce. Gajiya ma tana sa haka.

Rana ta yi tsaka, shi kuma yana tuna jirgin ƙasan Renzo. Sai Nives ta ce za a tsallaka Babban Mashigi da kwalekwalen fito, a ɗanɗana yadda 'yan gari ke yi. Matuƙi ya miƙa hannu, baƙi suna kama yatsunsa suna ihu, kowa ya shiga sai ya nemi gefe ya zauna ya ƙanƙame katako. Da aka zo kan mai hula, ba ta kama yatsu ba, damtsensa ta dafa, ta taka tsakiya, ta juya ta fuskanci gaba. Aka tura kwalekwale. Wani jirgi ya wuce ya tayar da igiyar ruwa, baƙi suka yi kururuwa.

Mutum biyu ne kawai a tsaye a cikin kwalekwalen nan, Tullio da ita. Ƙafar hagu a gaba, hannu biyu a baya, gwiwa tana bin ruwa kamar tana rawa da shi. Ya san tsayuwar nan. Ya sha ganinta a mafarki har ya gaji.

Da suka sauka ya bari ayari ya yi gaba.

"Dina," ya ce, yadda yake kiran Ondina tun suna yara.

Ta tsaya ba ta juyo ba. Can ta cire tabarau. "Ka tsufa, Tullio."

"Ke kuma an ce kin mutu."

"In ji wa?"

"Gemma."

"Ashe tana nan." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Jiya na wuce ƙarƙashin tagarta, ta zubo min ɓawon lemo a hula. Berto ya sayar min da gahawa a farashin baƙi. Kai ma ka wuce ni a bakin gada, kana ɗauke da burodi. Ba wanda ya dube ni sau biyu. Na ce to, haka ya fi."

Ya gaya mata zancen Doina, da Renzo, da 'yan sanda. Ta dafe jakarta a ƙirji.

"Karɓi ka mayar. Ka ce a ruwa ka tsinta."

"Sai su ce ita ta jefar da tsoro ya kama ta. Ba zuciyar ce za ta wanke ta ba, Dina, wanda ya ɗauka ne."

"Ba zan iya haɗa ido da Gemma ba. Ita ta yi jinyar Mama, ita ta rufe mata ido. Ni ina ina?"

"Shagon Berto, in an buga ƙararrawar yamma," ya ce. "Ba zan faɗi sunanki ba. Kin san hanya."

*

Aka sauko da Gemma a kan kujera, Renzo da Berto suna nishi, ita tana ba da umarni. Aka ajiye ta tana fuskantar ƙofa, inda ake hango bakin zaure. Tsofaffin lungu suka jeru. Nives ta zo don kada a ba ta labari. Doina ta tsaya a bango, ta riga ta haɗa jakarta.

"Sior Tullio, ina da jirgin da zan kama," in ji Renzo. "Wa ya ɗauka?"

Tullio ya fara da Doina, ya ce sawunta ya bi ta kan dutse, na ɓarawo ya kauce. Ya zo kan Berto, Berto ya fara zufa, ya ce ƙafar Berto ta yi biyun ta ɓarawo, ya tsaya nan. Ya yi bayanin leda, da tubali, da gwiwa. Yana magana yana jan ta kamar mai tuƙa igiya, idonsa a ƙofa. Ƙararrawa ta buga ta gama. Ba kowa.

"Wato ɗan gida ne, kuma baƙo ne," in ji Gemma. "Fatalwa ke nan. Renzo, laka ba ta shaida a kotu. Kira 'yan sanda."

"Ka san sunan mutumin?" in ji Renzo.

"Na sani."

"To faɗi mana."

Tullio ya dubi Doina, Doina ta dube shi. Ya buɗe baki ke nan, bai san abin da zai fito ba, sai aka ji ana jan kujerar da ta tare zaure. Wata mata ce mai faffaɗar hula. Ta shigo tsakiya, saura taki ɗaya, ta goce hagu ta bi jikin bango.

Gemma ta riƙe hannun kujerarta. "Wannan tafiyar Elvira ce," ta ce a hankali. Sannan da ƙarfi, "Ondina? 'Yar banza! Na biya Fadan coci ya yi miki addu'ar matattu har sau biyu!"

Ondina ta cire hula, ta ajiye zuciyar a kan tebur, ta tsaya kamar yarinyar da ta fasa tulu. Ta ce mijin bai yi arziki ba, shekaru suka tafi ba halin zuwa, da hali ya samu babu uwa, sai kunya. Yanzu miji ya mutu, 'ya'ya ba su jin harshen nan. Ta shiga ayarin baƙi don ta ga lungun sau ɗaya ba tare da an tambaye ta komai ba.

"Sai na gan ta a rataye, tana jira har yanzu. Na ce ai na dawo, me za ta ci gaba da jira? Na sauke ta in kai wa Mama. Na je tsibirin maƙabarta, na yi ta yawo har aka kusa rufe ƙofa. Babu kabarinta, Gemma. Ko'ina sunayen wasu."

"Kin manta garinku? Ƙasar tsibirin nan aro ce. Shekara goma da 'yan kai, a tono ka a ba na baya wuri." Gemma ta nuna Tullio da haɓa. "Tambayi wancan. Shi ya tsaya aka kwashe ƙasusuwan, ya sama musu gurbi a bango. Duk ranar matattu yana kai wa surukar da bai samu ba fure."

Kunnuwan Tullio suka yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Berto ya ce shi lallai sai ya mayar wa Ondina rarar kuɗin gahawarta, ba wanda ya kula shi.

Renzo ya yi gyaran murya. "Mama, akwai wadda za ki ba haƙuri."

Gemma ta gyara mayafi, ta kalli rufi. "Doina, miyar jiya gishiri ya yi daidai."

Doina ta cire makulli daga wuya ta ajiye kusa da zuciyar. "Na gode, Sior Tullio. Siora, na yafe. Amma jakata a haɗe take, ba zan kwance ta ba. Uwata tana da rai, shekara shida safa nake aika mata." Ta dubi Ondina. "Ba na so in je in tarar da sunan wani."

"Wa zai kula da Mama?" in ji Renzo, murya ta sirance.

"Kai, da ka iya kiran 'yan sanda," in ji Gemma. Ta juya ga Doina. "Za ki dawo?"

"Ban sani ba, Siora. An kira ni ɓarauniya ta taga."

Gemma ta daɗe tana kallon tebur. "Ondina, bakancen uwarki ya cika, zuciyar nan ta zama ba ta da aiki. Ara min ita. Akwai wadda zan jira."

Ondina ta rufe ta da tafin hannu. "Bari in kai Mama ta gani tukuna. Gobe za ta koma ƙusarta."

*

Da safe Tullio ya kwance kwalekwalensa, ya share shi har sau biyu. Ondina ta zauna a gaba da furanni a cinya. Jirgin samanta da yamma zai tashi. Suka fita daga ƙaramin mashigi, suka bar inuwar gidaje, ga jan bangon maƙabarta da dogayen bishiyoyinsa can a tsakiyar ruwa, tafiyar da yaro ma zai yi kafin gahawa ta huce.

"Me ya sa ba ka ce min komai ba a lokacin, kafin a ɗaura min aure?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Ina shirin faɗa."

"Har yanzu?"

"Na kusa."

Ta yi dariya ta share ido da bayan hannu. Can ta duba, bangon bai matso ba.

"Tullio, ƙarfinka ne ya ƙare? Tun ɗazu muna wuri ɗaya."

"Ruwa ne ke ja," ya ce.

Ranar kuwa ko iska babu, teku kwance yake lumui kamar mai a faranti. Ondina 'yar gari ce, ta san haka sarai. Ta gyara furanninta, ta jingina da katako.

"Haka ne," ta ce. "Yana ja sosai. Bi a hankali."